Ɗakin Otal Da Ya Cinye Mini Safiya Uku A Jidda

Tun da na dawo daga Umra ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo agogo gyara sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Malam Habu, yaya Jidda take? Ka ga teku?" Nakan ce alhamdulillahi, in sunkuyar da kai kan aikina. Abokaina na bakin kasuwar Funtuwa har sun fara cewa rowar labari nake yi. Ba rowa ba ce. Labarin ne ba ya faɗuwa da baki. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura.

Ina da yaya mace a Jidda, sunanta Azumi. Ita ta goye ni ina ƙarami. Shekara ashirin da bakwai ke nan da ta bi mijinta aikin Hajji, suka zauna can, har Allah ya yi masa rasuwa. Mahaifiyarmu, Inna, a hannuna ta cika shekara shida da suka wuce. Ranar da za ta rasu ta riƙe hannuna ta ba ni saƙo zuwa ga Yaya Azumi. Da na kira ta zan faɗa mata, sai ta tare ni.

"Riƙe shi, Habu. Maganar Inna ba ta waya ba ce. Ranar da Allah ya kawo ka, mu zauna ka faɗa mini ina jin numfashinka."

To ka ji abin da ya kai ni. Umra ce a takarda, kuma Allah ya sani ina son ta, amma saƙon nan shi ne kayan da na ɗauko.

Tsarin wakilin da ya shirya mana tafiya shi ne: kwana uku a Jidda, kowa ya nemi masaukinsa, sannan mota ta kwashe mu zuwa Madina, daga can Makka, daga Makka kai tsaye filin jirgi. Tun da na ji "kowa ya nemi masaukinsa" hankalina ya tashi. In na sauka wayar Yaya ba ta shiga ba fa? In gidan ɗaki ɗaya ne, ga ta da budurwar 'ya, ni namiji ina zan kwanta? In na ɓata fa? Ni mutum ne da nakan koma in taɓa kwaɗon shago sau uku bayan na kulle. Na dami matata da zancen har ta kira ƙanenta Sani, mai aikin banki a Zariya, ta ce ya zo ya raba ta da ni.

Sani ya kai ni shagon intanet, ya zauna gaban kwamfuta.

"Yaya Habu, akwai hanya mai sauƙi. Kamar kasuwa ce. Kai za ka taya, ka ce ga abin da za ka biya a kwana. In wani otal ya yarda, shi ke nan."

"Wane otal?"

"Ba sa faɗa sai an biya. Unguwa kawai ake nuna maka da darajar ɗakin."

"In na gani ban so ba fa?"

"Haba Yaya, otal a Jidda ne za ka ƙi?"

Na taya, kwamfuta ta ce albarka. Na ƙara kaɗan, ta sallama. Har na ji daɗi, don ban taɓa ciniki da abin da ba ya rantsuwa ba. Sani ya biya da katin bankinsa, ni kuma na ba shi kuɗinsa a take. Sai da takarda ta fito daga inji sannan ya karanta mini ƙananan rubutun da ke ƙasa: ba a mayar da kuɗi, ba a canja rana, ba a fasawa.

Ban kai gida ba Yaya Azumi ta kira da murnarta.

"Na sa an wanke ɗakin marigayi, na sayo sabuwar katifa. Matan unguwa wai ko otal za ka sauka, irin na alhazan zamani. Na ce musu ɗan'uwana ba zai kwana a otal ina da rai a garin nan ba."

Takardar tana aljihuna, da ɗuminta na inji. Na ce, "Haka ne, Yaya." Na kasa faɗa mata.

Ranar tafiya na shiga motar Kano ta hanyar Malumfashi. Dab da Gwarzo taya ta fashe, muka yi awa guda a gindin wata bishiya, ni ina ta laluba fasfona in ji ko yana nan. Cikin jakata akwai daddawa da kuka da kanwa da man shanu, don su ta ce in kawo mata, ba ta nemi zane ko turare ba.

A jirgi na zauna kusa da wani dattijo, Malam Garba, mai sayar da turare a Kano. Ya ce wannan zuwansa na huɗu ne. Na ga ya san gari, sai na fito da takardar na yi masa bayani, don ya gaya mini ko za a iya fasawa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Wato ka biya kuɗin abin da ba ka san ko mene ne ba, sai bayan an buɗe?"

Na ce haka ne.

"To mene ne bambancinsa da caca? Ni dai ba malami ba ne. Amma ba zan ɗaura harami da irin wannan ciniki a wuyana ba."

Yana gama faɗa ya gyara wuya ya yi barci. Ni kuwa ko abincin jirgi ban iya ci ba. Shekara shida ina tara guzuri tsaf, ban taɓa sa wa mutum tsohon batir in ce sabo ne ba, yanzu a ce da hannuna na zuba caca a ciki? Kafin mu sauka na yanke cewa sai an warware cinikin nan kafin in ɗaura harami. Kuɗin ma ba su dame ni ba. Sunana nake so a goge.

A filin jirgin Jidda muka yi layi awa uku. Injin ɗaukar hoton yatsa ya ƙi karɓar babban yatsana, don aikin agogo da man inji sun shafe zanen. Jami'in ya danna, ya goge, ya sake dannawa, ni ina ganin daga nan za a mayar da ni. Da aka wuce wannan sai mai binciken kaya ya kwance ƙullin daddawa, ya yi baya yana toshe hanci. "Esh hada?" Wato mene ne wannan. Na rasa Larabcin daddawa. Wata baiwar Allah mai shara, 'yar Chadi, ta ce masa kayan miya ne, ta juyo gare ni ta ce, "Ɗaure abinka ka wuce, Alhaji, kafin ya suma." A waje mutumin wakilinmu ya karɓe fasfo ɗin kowa ya zuba a jaka, ya ba mu kati, ya ce ranar Talata ƙarfe uku na rana mota za ta tashi daga ofishinsu a Ammariyya, wanda ya makara ya san inda zai nufa.

Wanda ya zo tarbata Musa ne, maƙwabcin Yaya, mutumin Damagaram, direba ne, ya kai shekara hamsin. Ya ɗauki jakata ya shinshina. "Wallahi na ji gida. Yalla, Alhaji, Hajiya tun asuba take tambayar ƙarfe nawa."

Gidan a Sharafiyya yake, hawa na uku, matakala ƙunci, injinan sanyaya ɗaki suna ta ɗigo a kan mai wucewa. Can ba a faɗa gidan mutum da sallama kamar nan. Ko'ina ƙofa a kulle, sai ka kira daga ƙasa a buɗe maka. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa. Ta tsufa, ciwon suga ya rage mata gani. Ta kama fuskata da hannu biyu ta kawo kusa da idonta.

"Habu! Furfura ka yi ba ka nemi izinina ba?"

Muka yi kuka muka yi dariya. 'Yarta Samira, wadda a can aka haife ta, ta durƙusa ta ce, "Ahlan, Khali, sannu da hanya." Khali wai kawu ke nan. Hausa tana ji tsaf, amma in za ta mayar sai rabi ya zame Larabci. A ranar aka yi tuwo da miyar kuka da daddawar da na kawo, Yaya ta ci tana lumshe ido.

Daga la'asar gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, kowa da tambayar garinsu, har wanda ya baro Gaya shekara arba'in yana tambayata ko na san wansa. Samira ta gaya mini yadda jikin uwarta yake: bayan azahar magani yana kwantar da ita, da yamma baƙi, bayan isha'i allura da barci. Da hantsi ne kawai take garau. Yaya ma da kanta ta ce, "Gobe da hantsi, in Samira ta tafi aiki gida ya yi shiru, sai mu zauna ka ba ni saƙon Inna. Daga farkon ciwon nake so, kada ka tsallake komai."

Safiya uku nake da su: Lahadi, Litinin, Talata.

Ranar Lahadi aka kawo ful da tamis, wato dafaffen wake da wani faffaɗan burodi mai zafi, abin karin kumallonsu ke nan. Yaya ta shimfiɗa darduma biyu, ta ɗora shayi da na'ana'a. Ni kuwa maganar Malam Garba tana ta cin raina. Na ce a zuciyata awa guda ya isa, in sauke wannan, in zauna da ita da zuciya wankakkiya. Na ce, "Yaya, akwai wata takarda da zan gyara, yanzu zan dawo." A Jidda in mutum ya ce takarda ba a tsare shi. Ita kanta iƙamarta, wato takardar zama, ta mutu tun rasuwar kafilinta, ɗan ƙasar da ya tsaya mata, ko babban titi ba ta son fita. Ta ce, "Je ka, takarda ba wasa ba ce."

A mota na gaya wa Musa gaskiya, na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya yi dariya har ya buga sitiyari. "Alhaji, ka bar musu mana! Ɗaki ne zai yi kuka don ba a kwana cikinsa ba?" Na ce bai gane ba.

Otal ɗin yana can arewa, tafiyar kusan awa a cunkoso. Wani Basudane ne a kan tebur, mai fara'a. Ya duba kwamfuta ya ce ga sunana, tun jiya ɗakina ke jirana. Musa ya fassara masa buƙatata. Ya ce shi ba shi da iko, sai mudir, wato manaja, kuma mudir sai gobe da safe. Muka dawo bayan azahar. Yaya ta kwanta. Shayin yana nan a kan tire, ya yi sanyi, kofi biyu ba a taɓa ba.

Ranar Litinin na sake cewa yanzu zan dawo. Mudir ɗin wani kakkaura ne, ya saurare mu yana jan carbi. Ya ce ba da su na yi ciniki ba, da kamfanin intanet na yi, kuma kamfanin ba a ƙasar yake ba. Ya rubuta mana lambar waya. Na ce wa Musa ya gaya masa yadda muke yi a gida: in ka sayi abu zuciyarka ba ta kwanta ba, ka koma wajen mai shi ka ce a warware, ko da zai rage wani abu, ku yi musabaha ku rabu. Mudir ya ce al'ada ce mai kyau, amma kwamfuta ba ta da hannun musabaha.

Da muka buga lambar kuwa, Turanci zalla. Musa Larabci da Faransanci yake ji, ni Turancina bai wuce na jikin agogo ba. Ya kai ni wajen wani ɗan Jos mai shagon waya a Ammariyya, ana ce masa Ticha. Muna isa aka kira azahar, aka ja ƙofofin shaguna duka, don can ko ciniki ya kai rabi sai a rufe. Bayan salla Ticha ya buga. Inji ya ce danna ɗaya, danna uku, sannan kiɗa, kiɗa, har kati ya ƙare aka sa wani. Daga ƙarshe wata mata ta ɗauka. Suka yi ta magana, Ticha ya rufe bakin wayar da hannu.

"Ta ce ta ji tausayinka ƙwarai, amma ka yarda da sharaɗi tun farko. Sai dai in ka mutu, ko likita ya rubuta cewa kana kwance."

"Ka ce mata ba na son kuɗin. Sunana kawai za ta goge."

Ya faɗa mata. "Ta ce ba ta gane ba. Ta ce ba su da wajen danna wannan."

Da ya ajiye ya ce ya san inda za a samo takardar likita kafin magariba. Na ce a'uzubillahi, ina gudun caca in faɗa ƙarya? Muka dawo gida muka tarar da baƙi har matakala. Yaya ta ce, "An gyara?" Na ce saura kaɗan.

Ranar Talata na yi niyyar ko ƙofa ba zan leƙa ba. Samira ta tafi aiki. Yaya ta sa sabon mayafi, ta shimfiɗa dardumar, ta zuba shayi da hannunta tana laluben bakin kofi. Ta ce, "Bismillah. Wace rana ciwon ya fara?" Na ce ranar wata Alhamis ce, Inna ta dawo daga gidan suna. Iyakar abin da na faɗa ke nan, sai Musa ya kira daga ƙasa. Wai mudir ya bugo masa ya ce in zo da fasfo na ainihi, akwai abin da zai iya yi.

Na dubi agogona, ƙarfe takwas da rabi. Na yi lissafi: zuwa awa guda, dawowa awa guda, kafin sha ɗaya ina nan. Gobe warhaka ina Madina, daga can sai harami. Na ce, "Yaya, wannan ne na ƙarshe." Ta ajiye butar shayin a hankali. Ta ce, "To."

Muka biya karɓar fasfo, mutumin wakili bai zo ofis ba sai goma da rabi. Ya ƙi ba da fasfo, sai da Musa ya ajiye tasa iƙamar a madadi. Muka isa otal dab da sha biyu. Mudir ya karɓi fasfon ya danna kwamfuta, ya miƙo mini kati yana murmushi. Ashe abin da zai iya yi shi ne ya rubuta cewa na iso, ya bar ni in huta a ɗakin har la'asar kada in yi asarar duka. Fasawa dai ba ta hannunsa.

Ban san abin da ya sa na hau ba. Hawa na shida. Ɗaki fes, sanyi kamar cikin randa, gado da farin zani ko lanƙwasa babu, ga alamar alƙibla a manne a rufi. Ta taga, tsakanin wasu dogayen gine-gine biyu, na hango wani ɗan shuɗi. Masu tambayata teku, to shi ke nan abin da na gani. Na tsaya a tsakiyar ɗakin, ko kujera ban taɓa ba, na sauko.

Aka kira azahar, muka shiga masallacin da ke bayan otal. Limamin wani tsoho ne baƙi, Musa ya ce kakanninsa daga ƙasarmu suka zo da ƙafa. Yana jin Hausa. Bayan salla na matsa na zayyana masa komai.

"An faɗa maka unguwa? An faɗa maka darajar ɗaki? Kai ka yanka kuɗi da bakinka, suka yarda?"

Na ce e.

"To ina cacar, ya shaikh? Ni ban gan ta ba. In ma zuciyarka ba ta kwanta ba, ka bar musu, ka yi istigfari, halas, shi ke nan. Ba sai sun goge sunanka Allah zai ji ka ba. Wa ya gaya maka caca ce?"

Na ce wani mai turare a jirgi.

Masallacin unguwar Yaya taku arba'in ne daga ƙofarta. Sau nawa na yi salla a ciki, ban tambayi kowa ba.

Cunkoso ya riƙe mu, muka iso Sharafiyya biyu da kwata. Sai an mayar da fasfo, mota kuma ƙarfe uku. Na haura matakala da gudu. Yaya ba ta sha maganinta na azahar ba don kada barci ya ɗauke ta. Tana tsaye a bakin ƙofa, jakata a ɗaure a gefenta. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, na ce akwai abin da na ɓoye mata.

"Otal? Tun ranar Lahadi matar Musa ta gaya mini. Na yi shiru in ga ko za ka faɗa da bakinka." Ta gyara mayafinta. "Da ka gaya mini da dariya zan yi, in ce ɗan Inna bai canja ba. Otal bai yi mini ciwo ba, Habu. Safiya uku ina dafa shayi."

Musa yana ta danna oda a ƙasa. Na ce, "Yaya, bari in faɗa miki yanzu. Inna cewa ta yi..."

Ta ɗora tafin hannunta a bakina.

"Ba a tsaye ba. Ba da mota tana kira ba. Uwata ce, shekara ashirin da ɗaya ban ga fuskarta ba har ta tafi. Je ka, kada su bar ka. Ka yi mini addu'a a Rauda in ka shiga masallacin Madina."

Na yi Madina, na yi Makka. Na yi ɗawafi ina kuka, mutane suna zaton na tsoron Allah ne, ni ma ina fatan akwai shi a ciki. Na roƙi wakili ya bar ni in tsaya Jidda ko na rabin yini, ya ce fasfo a jaka ɗaya suke, mota ɗaya ce. Ita kuma da matacciyar iƙama ba ta isa ta ratsa shingen bincike ta zo Makka ko filin jirgi ba. Motarmu ta bi ta gefen garin, ina hangen fitilun titi da gadoji, ban ma san ta wane ɓangare Sharafiyya take ba.

Bayan sati biyu da dawowata Sani ya zo shago da wata takarda. Kamfanin ne ya aiko, wai suna fatan na ji daɗin zamana, in gaya musu tauraro nawa zan ba ɗakin. Yana dariya, da ya ga fuskata sai ya ninke ta ya sa aljihu.

Muna waya da Yaya duk Juma'a. Ba ta taɓa tayar da zancen otal ba. Samira ta ce idon hagu ya rufe gaba ɗaya, ƙafa kuma ta fara kumburi. Sau biyu ina cewa, "Yaya, ko in faɗa miki a nan?" Takan ce, "Riƙe shi, sai ka zo." Wancan zuwan shekara shida ya ɗauke ni. Ni da ita duk mun san wannan, ba mai faɗa.

Wasu cikinku sun ce in gaya musu abin da Inna ta ce. Ba zan rubuta shi a nan ba, ba naku ba ne, ba nawa ba ne. Kullum da hantsi, kafin kasuwa ta cika, nakan ajiye abin da ke hannuna in maimaita shi a raina daga farko har ƙarshe, don kada kalma ɗaya ta faɗi kafin mai shi ta karɓa.